Gani Ya Kori Ji, Amma Bai Kori Fartanya Ba

 

A wannan fitowa muna so mu yi shawara da ku game da wani sabon kayan koyarwa. Waɗanda su ke da yara a makarantun birni wataƙila sun riga sun ji labarinsa. Sauranmu kuwa, ba za a daɗe ba wani zai tashi a taron ƙungiya ko a taron iyayen yara ya ce a tara kuɗi a saya, domin kada a bar mu a baya. Tun da ya ke ba a fafe gora ranar tafiya, gara mu san abin tun yanzu, mu kuma shirya amsar da za mu bayar. Masu yinsa su kan taƙaita sunansa da baƙaƙe biyu na Turanci, watau AR. Mu a wannan takarda za mu kira shi "ƙarin gani".

Ga ra'ayinmu tun da fari. Ƙarin gani yana da amfani na gaske idan ya nuna wa mai koyo abin da idonsa ba ya iya gani, kamar abin da ke faruwa ƙarƙashin ƙasa ko cikin jiki, sa'an nan ya tura shi gona ya aikata abin da ya gani. Idan bai yi waɗannan biyu ba, wasa ne mai tsada, kada ƙungiya ta sa ko kwabonta a ciki.

Mene ne ƙarin gani?

Yawancinmu mun tuna allon zane na makarantar Lahadi, wanda malama ta kan liƙa wa hotuna ɗaya bayan ɗaya tana ba da labari. Ƙarin gani ma liƙa hoto ne, sai dai allonsa shi ne abin da ke gabanka a zahiri. Ka ɗaga waya, kyamararta ta dubi tsakar gidanka, sai ka ga tsakar gidan a fuskar wayar kamar yadda ya ke, amma an ɗora masa wani hoto ko layi ko rubutu. In ka zagaya, hoton ya kan tsaya a wurinsa kamar an kafa shi, har ka iya duban bayansa. Abin da ke sa haka shi ne, wayar tana da ƙananan na'urori masu jin motsinta, manhajar kuwa tana lura da daɓe da bango da kusurwoyi, tana sāke zana hoton sau da yawa cikin kowace daƙiƙa domin ya dace da inda ka tsaya.

Da yawa cikinmu sun taɓa ganinsa ba su san sunansa ba. Layin da a ke ja bisa filin ƙwallo a talabijin domin a nuna satar gida, wanda 'yan wasan da ke filin ba sa gani, ɗan'uwansa ne. Haka kuma kunnuwan kare da tabarau da yara su kan ɗora wa fuskokinsu a waya. Ya bambanta da wancan tabarau mai rufe ido ruf, wanda ke kai mutum wata duniya dabam. Shi wannan yana barin ka a inda ka ke, kana ganin ƙasarka da hannunka.

Abin ba na jiya ba ne. A shekarar 1968 wani malami mai suna Ivan Sutherland ya haɗa irinsa na farko a Jami'ar Harvard ta Amurka, na'ura ce da a ke sawa a kai, an kuma rataye ta daga rufin ɗaki. Sunan kuwa ya fito ne wajen 1990 daga bakin Tom Caudell, ma'aikacin kamfanin Boeing mai ƙera jiragen sama. Yana neman hanyar da za a nuna wa ma'aikata inda kowace wayar lantarki za ta bi, suna aiki suna gani, ba sai sun tsaya duban takarda ba. Ku lura da wannan, gama yana da muhimmanci ga maganarmu: tun asali an nufi abin domin ya bi da hannun mai aiki. Bai shiga hannun jama'a sosai ba sai 2016, sa'ad da wasan Pokémon Go ya bazu a duniya. A 2017 kamfanin Apple, a 2018 kuma Google, su ka fitar da kayan aikin da ke sa masu rubuta manhaja su iya yinsa a waya cikin sauƙi.

Inda ya ke da amfani

Duk wanda ya taɓa koyarwa a gonar gwaji ya san wahalar bayyana abin da ba a gani. Bari mu kawo misalai uku na abubuwan da a ka riga a ka yi.

Na ɗaya, akwatin yashi. Wajen 2012, a Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis, Oliver Kreylos da abokan aikinsa su ka haɗa akwati cike da yashi, da kyamara mai auna tudu da kwari a bisansa, da majigi, da kwamfuta. In ka tara yashin ya yi tudu, nan take majigin zai zana masa layukan da ke bin wuraren da tsayinsu ya zo ɗaya. In ka shimfiɗa hannunka a sama, sai a ga kamar ruwan sama yana zuba, yana gangara, yana taruwa a kwari. Ka ja kunya ta bi gangare, ka ga ruwa ya kwasa a guje. Ka ja ta a gicciye, ka ga ya tsaya. Manhajar kyauta ce, makarantu da gidajen tarihi da yawa sun haɗa nasu. Ku tuna shekara nawa a ke roƙon mutanenmu su daina huɗa bin gangare, har yau kwazazzabai suna cin gonaki. Ba taurin kai kaɗai ba ne. Zaizayar ƙasa tana tafiya a hankali, lokacin da ta ke aikinta kuwa kowa yana ɗaka yana fakewa. Akwatin yana nuna cikin minti biyu abin da damina biyar ke yi a ɓoye.

Na biyu, duban ganye. Jami'ar Jihar Pennsylvania tare da cibiyar binciken noma ta IITA, wadda hedkwatarta ke Ibadan, sun yi wata manhaja mai suna Nuru, watau haske da harshen Suwahili. Ka nuna wa kyamara ganyen rogo, sai ta zana ɗan akwati a daidai wurin da ta ga alamar cuta, ta rubuta sunan cutar, ba ta kuma bukatar intanet sa'ad da ta ke wannan aiki. Bayan sabuwar tsutsar masara ta ɓulla a Nijeriya a 2016, an koya mata gane ɓarnar tsutsar ita ma, tare da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A wani gwaji da a ka yi kan rogo a Gabashin Afirka, wanda a ka buga a 2020, Nuru ta gane cuta daidai sau 65 cikin 100. Malaman gonar da a ka gwada tare da ita sun samu tsakanin 40 da 58, manoma kuwa tsakanin 18 da 31. Da a ka riƙa duba ganye shida na tsiro ɗaya, sai dacewarta ta ƙaru. Mu malaman gona bai kamata mu ji haushin wannan lissafi ba. Amma ku ma ku lura, 65 cikin 100 yana nufin kuskure ɗaya cikin kowane uku. Amfaninta mafi girma shi ne koyarwa: wanda ya duba ganye ɗari tare da ita, idonsa zai fara ganewa da kansa, ko babu waya.

Na uku, cikin jiki. A Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka, ɗaliban likita sun koyi sassan jikin mutum da tabarau na HoloLens, suna zagaya hoton jiki mai tsayin mutum, suna duban zuciya da jijiyoyi ta kowane gefe. Akwai ƙananan manhajojin waya masu yin irin wannan, waɗanda za su iya taimakon ɗalibin sakandare da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaji.

Daga nan za ku gane irin darussan da ya kamata mu nema wa kanmu. Ɗauki wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya ya kan zubar da dubbai masu yawa, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Ba sa tsirowa sai sun ji wani ruwa da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Daga nan su manne wa saiwar su yi makonni suna tsotsa kafin su leƙo waje. Kafin manomi ya ga furen nan mai kyau, an riga an cuci dawarsa. Waken soya da auduga kuwa su kan yaudari irin ya tsiro, ya rasa inda zai kama, ya mutu. Mun sha faɗin wannan da baki. Amma a ce yaro ya ɗaga waya bisa kunyar babansa ya ga abin yana faruwa ƙarƙashin ƙafarsa, ba zai sāke tambayar dalilin juya shuka ba, ba kuwa zai bar wuta-wuta ta zubar da iri ba. Haka nan ƙulle-ƙullen da ke saiwar gyaɗa da wake, inda ƙananan halittu ke kamo wa ƙasa sinadarin da mu ke saye da tsada cikin buhun yuriya. Irin waɗannan darussa ne za mu roƙi jami'o'inmu da cibiyoyin bincike kamar na Samaru su shirya mana, da Hausa da sauran harsunanmu.

Abin da bincike ya nuna

Kada mu dogara ga bakin mai talla. A 2019 wasu malamai biyu, Juan Garzón da Juan Acevedo, su ka tattara bincike 64 da a ka yi tsakanin 2010 da 2018 kan ƙarin gani a makarantu. Sun tarar yana ƙara fahimtar ɗalibai, ƙarin kuwa matsakaici ne. Watau yana taimako, amma ba ya mai da raggo gwani. Sai kuma mu tuna, sabon abu ya kan ja hankalin yara domin sabuntarsa kawai, ranar da ya zama jiki ne a ke sanin gaskiyar amfaninsa.

Akwai wani lissafi da masu sayar da kayan koyarwa su ke so ƙwarai: wai mutum ya kan tuna kashi 10 na abin da ya karanta, da kashi 90 na abin da ya aikata. Su kan jingina shi ga wani malami mai suna Edgar Dale. Gaskiya ne Dale ya zana wani jadawali a 1946 yana jera hanyoyin koyo, amma bai sa waɗannan lambobi ba, wasu ne su ka liƙa daga baya ba tare da wani gwaji ba. In kun ji mai talla ya fara da su, ku riƙe aljihunku da kyau.

Ga kuma darasi daga ƙasar Peru. Gwamnatinsu ta raba wa yaran ƙauye ƙananan kwamfutoci masu yawan gaske. A 2012 a ka fitar da sakamakon binciken makarantu 319: bayan wata goma sha biyar, yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an ga ɗan ci gaba wajen kaifin tunani, amma a lissafi da karatu ba su fi waɗanda ba a ba su ba. Na'ura ta iso, koyarwa kuwa tana nan yadda ta ke. Mu da mu ka ga taraktoci suna tsatsa a bayan ofisoshi domin rashin ɗan ƙarfe ɗaya, wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu.

Inda za a iya cutuwa

Tsada ce ta fari. Tabarau na HoloLens na biyu ya fito a 2019 kan dala 3,500, a 2024 kuma kamfanin Microsoft ya daina ƙera shi. Wannan ba namu ba ne, kada ma a kawo zancensa a taro. Ko a waya, ba kowace ce ke ɗaukar ƙarin gani ba. Yawancin masu araha da ke hannunmu ba sa iyawa, waɗanda ke iyawa kuwa suna shan caji, suna zafi a rana, fuskarsu ba ta ganuwa sosai da tsakar rana a gona.

Na biyu, abin yana hannun wasu. Google ya fito da wani shiri na makarantu mai suna Expeditions a 2015, ya ƙara masa ƙarin gani a 2018, malamai da yawa su ka gina darussansu a kansa. A 2021 ya rufe shi. In babban kamfani irin wannan zai yi haka, me za mu ce game da ɗan kasuwar da zai karɓi kuɗin shekara ya ɓace?

Na uku, yawancin abin da ke ciki ba domin yaranmu a ka yi ba. Tun 2019 mutum yana iya neman damisa a Google ya tsai da ita a tsakar ɗakinsa. Abin sha'awa ne, yara za su yi ihu. Amma bayan ihun, me su ka koya? Wanda kuma ya nuna wa ɗan makiyayi hoton akuya a waya, alhali akuya tana ɗaure a bayan aji, ya ɓata caji ya ɓata lokaci. Duk abin da za a iya taɓawa da hannu, a taɓa shi da hannu. A tuge gyaɗa a ga saiwarta. A tsaga karan masara a ga tsutsa.

Ga dattawa da matasa

Mun san wasu iyayenmu za su ce waya ta riga ta raba yara da gona, don me za mu ƙara? Damuwarku tana da tushe. Amma ku tuna an yi irin wannan tsoro game da majigi da rediyo, daga baya su ka zama bayin Ekklesiya da na manoma. Abin lura shi ne hannun da ke riƙe da kayan. Wayar da ke hannun malami na minti goma, yara goma suna kewaye da ita, daga nan kowa ya ɗauki fartanya, dabam ta ke da wadda yaro ke kwana da ita shi kaɗai.

Matasanmu kuwa za su ce zamani ya wuce mu, ko mu saya ko mu zama 'yan kallo. Muna jin ku, muna kuma bukatarku, gama ku ne za ku riƙe wannan aiki. Amma makarantar da rufinta ke yoyo, yara suna zaune a ƙasa, malami bai ga albashi ba, ba ƙarin gani ta rasa ba. Yaron da bai iya karatu ba, ko an ɗora masa rubutu bisa ganye ba zai karanta ba. A fara da na fari.

Shawararmu ga ƙungiyoyi

1. Kafin a fitar da kuɗi, a yi tambaya biyu a gaban kowa: wane abu ne wannan zai nuna mana wanda ba za mu iya gani da ido ko mu taɓa da hannu ba? Wane aiki ne kuma za mu yi dabam a gona ko a aji bayan mun gani? In mai kawo shawarar ya kasa amsawa, a rufe zancen cikin ƙauna.

2. A fara da na kyauta, wanda ke aiki ba tare da intanet ba. A gwada shi a wayar wani ɗan ƙungiya damina guda, magatakarda ya rubuta sau nawa ya faɗi daidai, sau nawa ya kuskure.

3. In gwaji ya yi kyau, a sayi waya ɗaya mai ƙarfi da ƙaramin faifan sola, su zama na ƙungiya kamar injin feshi da sikeli. A rubuta su a littafin kaya, a sa mai riƙo, a sa ranakun zagaya. Kada a ci bashi dominsu, kada kuma a taɓa kuɗin iri da taki.

4. A horar da mutum biyu aƙalla, ɗaya daga cikinsu ta zama mace daga zumuntar mata. Iyayenmu mata ne ke riƙe da yawancin gonakin gyaɗa da wake da kayan miya, bai kamata kayan ƙungiya su tsaya a aljihun maza ba.

5. Kada a yi feshi bisa maganar waya kaɗai. A duba ganye da yawa, a kira malamin gona ya tabbatar. Maganin ƙwari kuɗi ne, guba ne kuma.

6. Akwatin yashi ya fi ƙarfin ƙauye ɗaya, gama yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi da wuta. Amma gundumar Ekklesiya za ta iya tunanin kafa guda a makarantar Littafi Mai Tsarki ko wurin horar da manoma, inda mutane da yawa ke wucewa kowace shekara. Kafin nan, tudun ƙasa da gwangwani mai huji za su nuna rabin darasin. Ko an samu akwatin ko ba a samu ba, darasin bai ƙare ba sai an fita gona da ma'aunin nan na sanduna uku da igiya da dutse, an kafa turaku, an ja kunya a gicciye.

7. Wakilanmu a taron iyayen yara kada su yarda a ɗora wa kowane yaro kuɗin na'ura. Gwauruwar da ke fama da kuɗin makaranta kada a kore ɗanta saboda abin da aji ɗaya zai iya tarayya a kansa.

'Yan'uwa, ƙasar nan amana ce a hannunmu, kuɗin ƙungiya ma amana ne, gumin mutane ne da su ka tara mudu mudu. In sabon kaya zai buɗe idon 'ya'yanmu su ga abin da ke cin gonar iyayensu a ɓoye, mu karɓe shi da godiya, mu yi tarayya a kansa. In kuwa kallo kawai zai ƙara mana, muna da abin yi da kuɗinmu. Muna roƙon kowace ƙungiya ta karanta wannan a taronta na gaba, ta kuma aiko mana da abin da ta shawarta, musamman waɗanda su ka riga su ka gwada irin waɗannan manhajoji, domin sauran su ƙaru da ku.

Allah ya ba mu hikima, ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.